BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: WAHALAR ƘAURA DA BABBAN KARE ZUWA TURAI

MA'AIKACIN da aka yi wa canjin wurin aiki daga Ikko ko Abuja zuwa London yana iya samun bizarsa da tikitinsa cikin 'yan makonni, ya ɗaure kayansa, ya yi sallama da dangi. Amma idan yana da kare, musamman ƙato irin Alsatian ɗin nan da 'yan sanda ke aiki da su, to karen ba zai taka ƙasar Ingila ba sai bayan wata huɗu, in ma an yi kome a kan kari ke nan. A wannan tafiya, takardun dabba sun fi na ubangidansa wuyar haɗuwa, kuma sau da yawa kuɗin jirginsa ya kan zarce na mutum.

Mai karatu zai iya mamakin abin da zai sa mai hankali ya jawo wa kansa wannan ɗawainiya, tun da a ƙasar Hausa kare na farauta ne da gadi da bin garke, ba a san shi a tsakar ɗaki ba. Wajen Turawa da wasu ma'aikatan jakadanci da na kamfanoni, har da 'yan Afirka da suka daɗe a birane, kare ɗan gida ne, tare ya tashi da yara, barinsa a baya kuwa tamkar yanke zumunci ne. Ko maharbin ƙauye da ya shekara bakwai da karensa a dawa ya san irin wannan sabo. Saboda haka dubban iyalai kan shiga wannan hidima kowace shekara, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu manyan karnuka.

TSORON HAUKAN KARE

Tushen dokokin nan duka abu ɗaya ne, watau ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ne a ji wanda ya tashi. Birtaniya tsibiri ce, ta kuwa yi nasarar kawar da cutar a 1902. Sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko suka sake shigo da ita a 1918 ta karnukan da suka ɓoyo, aka yi ta fama har 1922 kafin a sake tsarkake ƙasar.

Tun daga 1897 hukumomin can suka fara killace karnukan da aka shigo da su, wa'adin kuwa ya zauna a kan wata shida cur, a cikin keji, da kuɗin mai dabba. Ba sarki ba talaka. A 1968, shahararriyar 'yar wasan sinima Elizabeth Taylor da mijinta Richard Burton sun gwammace su yi hayar jirgin ruwa na shaƙatawa, su ɗaure shi a Kogin Thames, su ajiye karnukansu a ciki, don kada a ce ƙafarsu ta taɓa ƙasa. Shekara guda bayan haka, a garin Camberley, wani kare da aka kawo daga Jamus ya gama watanninsa shida, aka sallame shi, sa'an nan hauka ya tashi masa. Hankalin jama'a ya tashi ƙwarai, har aka fita da bindigogi ana harbin namun dajin yankin. Daga nan duk wanda ya kawo maganar sassauci sai a tuna masa da Camberley. Ko lokacin da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa a 1994, sai da aka girka shinge da wayoyin lantarki don kada yanyawa ta biyo ramin da cuta.

Wata shida ba wasa ba ne ga dabbar da ba ta da tsawon rai. Manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa; irin su Great Dane da wuya su wuce shekara goma. Wasu kan fito daga killacewa a rame, wasu sun sake hali, wasu kuwa ba su kan fito ba. Lady Mary Fretwell, matar wani tsohon jakadan Birtaniya a Faransa, ita ta jagoranci ƙungiyar da ta yi ta matsa wa gwamnati lamba a shekarun 1990, da hujjar cewa allurar rigakafi da gwajin jini sun isa su yi aikin da keji ke yi. Gwamnan Hong Kong na ƙarshe, Chris Patten, wanda ya bar tsibirin a 1997 da karnukansa biyu, shi ma ya soki dokar a fili. A watan Fabrairu na 2000 aka fara tsarin fasfo na dabbobi ga ƙasashen Yammacin Turai, amma sai ranar 1 ga Janairu 2012 ne karen da ya fito daga ƙasa irin Nijeriya ya sami damar shiga ba tare da an kulle shi ba.

LISSAFIN WATA HUƊU

Sassaucin bai ɗauke jira ba, ya dai mayar da shi gidan mai kare. Matakin farko shi ne likitan dabbobi ya dasa wa karen wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lamba 15, wadda ita ce shaidarsa har ya mutu. Bayan ta ne za a yi allurar haukan kare. Nan ne mutane da yawa kan yi tuntuɓe, domin in allura ta riga na'ura, hukuma ba ta san da ita ba, sai an sake daga fari.

In an yi allura sai a ƙirga kwana 30 a ɗebi jini, a aika wa ɗakin bincike da hukumomin Turai suka amince da shi. Daga Afirka ta Yamma akan tura jinin Turai ne ko kuwa Onderstepoort ta Afirka ta Kudu. Ana son a ga ƙarfin garkuwa ya kai ma'auni 0.5 a kowace mililita. In ya kai, sai a sake ƙirga wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Hikimar wannan jira ita ce, gwajin ba ya rarrabe garkuwar allura da ta dabbar da ta riga ta kamu, cutar kuwa ta kan yi makonni a ɓoye. Wata uku ya kan ba ta lokacin bayyana tun kare yana gida. In jinin ya gaza, sai sabuwar allura da sabon lissafi.

Ana dab da tashi kuma akwai maganin tsila, wanda dole likita ya ba shi tsakanin awa 24 da awa 120 kafin isa Birtaniya, ya rubuta rana da sa'a a takarda. Jirgi ya yi lattin kwana biyu, wannan takarda tana iya mutuwa a hanya. Har ila yau tilas kare ya iso cikin kwana biyar kafin zuwan ubangidansa ko bayansa, in ba haka ba sai a ɗauke shi a matsayin hajar sayarwa, dokokinta kuwa dabam ne. Wanda ya kuskure ɗaya daga cikin waɗannan, ana iya tsare masa kare har wata huɗu, shi zai biya abinci da makwanci.

Tarayyar Turai ma kusan haka take yi. Amurka, wadda a da take da sauƙi, ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100 a watan Yuli na 2021, ciki har da Nijeriya, bayan an yi ta kama takardun allura na jabu. Sababbin ƙa'idojin da ta kafa daga 1 ga Agusta 2024 sun ce sai kare ya cika wata shida da haihuwa, yana da na'urar shaida, an kuma cike masa takarda tun kafin ya taso.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a fara yi kafin a kashe ko kwabo: shin ana ma karɓar irin wannan kare? Dokar Birtaniya ta 1991 ta haramta iri huɗu, su ne Pit Bull da Tosa na Japan da Dogo Argentino da Fila Brasileiro, aka ƙara XL Bully a Ingila da Wales a ƙarshen 2023. Abin lura shi ne da siffa ake hukunci, ba da takardar asali ba, don haka karen da aka haɗa iri, in ya yi kama da su, yana iya faɗawa hannun 'yan sanda. Jamus ma tun 2001 ta hana shigo da Pit Bull da Bull Terrier da danginsu biyu.

AWO DA MA'AUNI

Duk abin da aka ambata ya hau kan ƙaramin kare da babba daidai wa daida. Wurin shiga jirgi ne girma kan zama laifi. Kamfanoni irin su Lufthansa da KLM da Air France suna barin fasinja ya shiga da karen da bai wuce kilo 8 ba, har da jakarsa, ya tura shi ƙarƙashin kujera. Alsatian kuwa yana kai kilo 30 zuwa 40. Wurinsa shi ne cikin jirgi ta ƙasa, inda ake zuba kaya, a wani sashe da ake daidaita masa iska da ɗumi. Air France da KLM suna karɓarsa a matsayin kayan fasinja in shi da akwatinsa ba su wuce kilo 75 ba. Birtaniya ita kam ba ta yarda da wannan ba ma: karen da zai sauka can ta sama, in ba na yi wa makaho ko naƙasasshe jagora ba ne, sai an yi masa takardar kaya tasa ta kansa, an bi da shi ta sashen dako.

Akwatin yana da ƙa'idarsa da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta shimfiɗa. Dole kare ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta yadda ya saba. Ana auna shi daga hanci zuwa gindin wutsiya a ƙara rabin tsayin ƙafar gaba daga ƙasa zuwa gwiwa, faɗi kuwa ninki biyu na faɗin kafaɗunsa. Kunnen Alsatian a tsaye yake, shi ma yana cikin lissafi, kuma ma'aikacin da ke karɓar kaya yana da ikon mayar da kare saboda tazarar yatsa biyu.

Ga inda kuɗi ke shiga. Masu dakon kaya ta sama suna duba nauyi, suna kuma duba filin da kaya ya ci, sai su caji wanda ya fi yawa. A lissafinsu, kowane santimita 6,000 na cikin akwati kilo ɗaya ne. Babban akwatin roba da aka fi samu a kasuwa tsawonsa santimita 122 ne, faɗinsa 81, tsayinsa 89. In aka buga, ya tashi kusan kilo 147. Ke nan mai karen kilo 40 zai biya kuɗin kilo 147, mafi yawansa iska ce zalla. In kare ya fi ƙarfin wannan akwati, sai kafinta ya ƙera na katako, sa'an nan a shiga neman jirgin da ƙofar kayansa za ta ci shi, domin ƙananan jirage ba sa iyawa.

Zafi ma wani cikas ne. Haɗarin ba a sama yake ba, yana ƙasa ne, lokacin da akwati ke jiran lodi a kan kwalta. Kamfanonin Amurka kan ƙi ɗaukar dabba in zafi ya haura digiri 29, wanda a Kano cikin watan Afrilu sanyin safiya ne. Masu dabara kan nemi jirgin dare, marar sauka a hanya. Karnuka masu dakakken hanci irin su Bulldog da Boxer, kamfanoni da yawa sun daina ɗaukarsu a ƙasan jirgi sam, saboda numfashi kan gagare su. Maganin barci kuwa, da wasu ke zaton rahama ne, likitoci sun hana, don yana saukar da bugun jini ya kuma hana dabba tsayawa da ƙafafunta in jirgi ya girgiza. Abin da ya fi amfani shi ne a sayi akwatin tun da wuri, a riƙa ba kare abinci a ciki har ya ɗauke shi ɗakinsa.

Kuskure ma yana faruwa. A watan Maris na 2018, wani iyali da ke ƙaura daga Oregon zuwa Kansas a Amurka suka je karɓar Alsatian ɗinsu mai shekara goma, ana kiransa Irgo, sai suka tarar da Great Dane na wasu. Nasu karen yana can ya nufi Japan. Kamfanin United Airlines ya komo da shi a jirgi na musamman bayan 'yan kwanaki.

MASU GUDUN AKWATI

Waɗanda zuciyarsu ba ta ɗauka ba sun nemi wasu hanyoyi. Jirgin ruwan nan Queen Mary 2, mai kai-da-kawo tsakanin New York da Southampton cikin dare bakwai, yana da ɗakunan karnuka 24 da mai kula da su, har da turken fitila daga Liverpool da famfon kashe gobara na New York da aka kafa domin kowane kare ya sami wurin ɗaga ƙafa irin na garinsu. Sai dai babban kare ɗaki biyu yake ci, akan kama wurin tun shekara guda kafin tafiya, ƙattin gaske irin su Great Dane da St Bernard kuma ba a karɓarsu. Akwai kuma jiragen haya da fasinjoji kan haɗa kuɗi su zauna da karnukansu a kujera. Kamfanin Bark Air da ya fara a watan Mayu na 2024 ya sa dala 8,000 daga New York zuwa London, zuwa kaɗai. Wannan hanyar masu hannu da shuni ce.

Mai matsakaicin ƙarfi ya kan sauka Paris ko Amsterdam da karensa a matsayin kayan fasinja, ya ɗauki mota zuwa Calais, a shigar da motar cikin jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku. Minti 35 ne zuwa Folkestone, kare yana zaune a bayan mota kusa da ubangidansa. Jirgin fasinja na Eurostar, wanda ke bin wannan ramin zuwa London, shi ba ya ɗaukar kare sai na jagora, don haka wanda ba shi da mota sai ya yi hayar tasi ta ƙetare da shi, har wasu direbobi sun mayar da wannan sana'arsu.

BAYAN AN SAUKA

A filin jirgin sama na Heathrow akwai cibiya ta musamman inda ake kai kowace dabba, a karanta lambarta, a gwada da takardu, a ba ta ruwa, kafin a miƙa wa mai ita bayan wasu sa'o'i. Daga nan sai sabon babi, watau yadda za a yi yawo da ita a garin da baƙo ba shi da mota.

A wannan fanni Birtaniya, mai tsananin ƙofa, ita ta fi sauƙin tsakar gida. Fasinjan jirgin ƙasa yana iya shiga da kare biyu kyauta, ko wane girma, muddin suna ɗaure kuma ba su hau kujera ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na London ma kyauta ne, amma da sharaɗi guda mai ban dariya ga wanda bai shafa ba: a kan matakala mai tafiya da kanta dole a ɗauki kare a hannu, don haƙoran ƙarfen suna cafke farce da gashi. Mai ɗan kwikwiyo ya saɓa shi a kafaɗa ya wuce. Mai kilo 40 kuwa sai ya zauna da taswira ya haddace tashoshin da ke da matakalar siminti ko na'urar hawa, wani lokaci ya sauka nesa da inda za shi ya ƙarasa a ƙasa. A bas, direba ke da ta cewa. Direban tasi yana iya ƙin kare na gida, amma dokar daidaito ta 2010 ta sa ƙin ɗaukar karen makaho laifi ne, in ba direban yana da takardar uzurin rashin lafiya ba; wannan ya kamata baƙon da ya je can ya kama sana'ar tuƙi ya sani tun ranar farko.

In an fita ƙauye kuma a riƙe igiya da kyau. Dokar 1953 ta sa laifi ne kare ya kori tumaki, kuma manomin da ya harbe shi don ceton garkensa yana da kariya a kotu.

A Jamus kome da rasit. Ƙaramin kare a jaka kyauta yake shiga jirgin ƙasa, babba kuwa sai an yanka masa tikitin rabin kuɗi, an ɗaura masa igiya da takunkumi. Kusan kowace hukumar gari tana karɓar harajin kare. Berlin ta sa yuro 120 a shekara kan na farko, 180 kan kowane ƙari. Jihar North Rhine-Westphalia ta ma ba girma ma'ana a doka: karen da ya kai santimita 40 a kafaɗa ko kilo 20 babba ne, sai an yi masa rajista da inshora, mai shi kuma ya nuna shaidar ya san riƙon kare. A Sifen, jiragen ƙasa masu sauri sun daɗe ba sa ɗaukar wanda ya wuce kilo 10, sai a 2022 aka fara gwada karɓar masu kilo 40 tsakanin Madrid da Barcelona. New York kuwa dokarta ta ce ba a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da dabba sai a cikin jaka ko akwati, ba ta faɗi girman jakar ba, sai mutanen gari suka shiga huda manyan jakunkunan kasuwa, ƙafafu huɗu na leƙowa ta ƙasa, suna rataye da ƙattinsu a kafaɗa.

Abin da ya fi karya gwiwar baƙi, duk da haka, shi ne gidan haya. Masu gidaje da yawa da jin kalmar kare sai su rufe magana, in kuma sun ji nauyinsa sai su ƙara kulle ƙofa. Wanda ya baro gida mai fili da katanga a Ikoyi ko Nasarawa ta Kano, ya sami kansa a ɗaki biyu a hawa na huɗu, shi zai riƙa saukowa da kare sau uku a rana, cikin ruwa da ƙanƙara, da leda a aljihu don kwashe kashinsa, tun da barinsa a titi tara ce da ke iya kai wa fam 1,000 a kotu. Dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Ingila a watan Oktoba na 2025 ta tanadi cewa ɗan haya yana da ikon neman izinin ajiye dabba, kuma mai gida ba zai ƙi ba sai da dalili mai kama hankali. Amma ta fi amfanar wanda ya riga ya shiga gida. Mai nema daga nesa, wanda ake zaɓe tsakaninsa da mutum goma marasa dabba, da sauran aiki a gabansa.

Ko bayan an zauna, iyaka ba ta daina motsi ba. Da Birtaniya ta gama ficewa daga Tarayyar Turai, daga 1 ga Janairu 2021 fasfon dabbobin da ta bayar ya daina aiki a ƙetaren teku, aka koma neman sabuwar takardar likita a kowace tafiya. A watan Mayu na 2025 ɓangarorin biyu suka amince za su yi aikin maido da fasfon. Wanda kuma zai zo gida hutu da karensa, gara ya tabbatar an yi gwajin jinin an rubuta tun kafin ya baro Turai, kuma allurar ba ta tsallake ranarta ba ko da kwana ɗaya. In ta tsallake, hutun wata ɗaya zai ƙare, ubangida ya koma bakin aiki, kare kuwa ya zauna wurin 'yan'uwa yana jiran kwana 30 da wata uku su sake cika.